Zumar da Muka Samu a Bakin Rufi

Gidan da na tashi a cikinsa a Maigatari gida biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mahaifina, wanda muke kira Baba, kanwa da dabino yake sarowa daga arewa yana sayarwa a kasuwa. Amininsa, wanda muke kira Baffa, direban babbar mota ne mai ɗaukar shanu zuwa kudu. Babu dangantakar jini a tsakaninsu. A kasuwa suka san juna tun suna samari, da suka tashi yin gini sai suka sayi fili ɗaya, suka jera ɗakuna a layi guda, suka ja katanga ta raba tsakar gidan biyu. Mu a yamma, su a gabas. A jikin katangar an bar wata 'yar ƙofa ta wucewar mata da yara.

Rufin kwano suka yi, a lokacin da yawancin gidajen unguwarmu soro ne da azara. A bakin rufin, inda kawunan katakan da ke riƙe da kwano suke leƙowa, an buga wani faffaɗan katako da ya rufe su. Ya miƙe tun daga kusurwar ɗakin Baffa har kusurwar ɗakin Baba, bai yanke a kan katanga ba. Haka yake ta wajen titi, haka yake ta tsakar gida. Aikinsa shi ne ya hana ruwa taɓa kawunan katakan, ya hana iska shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi, ya kuma toshe wa jemagu hanya. Mu dai yara kwalliya muka ɗauke shi. Idan baƙo yana neman gidanmu, ce masa ake yi ya bi layi har sai ya ga gida mai fenti a goshi.

Fentin ba sayen sa ake yi ba. Duk shekara bayan kaka Baffa yakan kai motarsa a sabunta mata fenti, abin da ya rage a gwangwani sai ya taho da shi gida a tsinka shi da kananzir. Da safiyar wata Juma'a, bayan an huce gajiyar kasuwa, sai a kafa tsani biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, kowa ya shafo yana tahowa tsakiya. Baba tsoron tsani yake yi. A hankali yake hawa, yana motsa baki, idan ya kai sama ba ya sake kallon ƙasa. Baffa kuwa ya saba hawa kan lodi, da hannu ɗaya yake riƙewa, yana shafi yana ba da labarin hanya da babbar murya: gadar da ruwa ya cinye, da garin da ake cin doya da manja safe da yamma ba a gajiya. Baba ba ya cewa komai sai "To" ko "Ikon Allah". Kullum a ɓangarenmu suke haɗuwa, don Baffa ya fi sauri, amma shafin Baba ya fi kyau, ba ya barin ɗigo. Idan sun gama sai su zauna a kan katanga, ƙafafu na lilo, su raba goro.

A ƙasa kuwa mahaifiyata, Inna, da matar Baffa suna ta rufe randuna da tsofaffin tabarmi suna mita. Matar Baffa mutuniyar Damagaram ce, Gwaggo muke ce mata. Har tsufanta ba ta daina kiran kwano "tol" ba, makaranta kuma "lakwal". Ranar fenti tukunya ɗaya ake ɗorawa gidajen biyu, dambun zogale da man gyaɗa, a zuba wa yara duka a babban tire ɗaya.

Baffa ne ya fara rasuwa. Bayan duk shekarun da ya yi a kan hanya, a kan gadonsa ya cika, da zazzaɓi na 'yan kwanaki. Baba ya ƙara wasu shekaru, amma bai sake hawa tsani ba. Mu 'ya'ya muka watse, wasu aure, wasu aiki. Ni na zauna a Gumel ina aikin malamin gona. Aka bar tsofaffi biyu a gidan, da jikoki masu zuwa su kwana biyu su koma. Katakon ya daɗe bai ga fenti ba, ya yi toka-toka, yana ɓarewa kamar bawon bishiya. Duk zuwan da na yi ina ganin sa, ina cewa a raina sai bayan damina.

Wata bazara, iskar nan mai zuwa gabanin ruwan farko ta taso da yamma. Washegari Inna ta sa aka kira ni a waya. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai ne? To, in ka samu sarari ka leƙo. Goshin gidan ya faɗo."

"Ya taɓa wani, Inna?"

"Rumfar awakin Gwaggonka ya samu. Awakin dai lafiya, sun fi kowa gudu."

Da na je na tarar da guntun katakon a jingine. Na danna shi da yatsa, yatsan ya shige. Gara ta cinye cikinsa, fatar waje kawai ta rage. Na kira babban ɗan Gwaggo, wanda ke zaune a Kano, muka yi shawara. Ya ce kada a sake mayar da katako tsirara, yanzu alminiyam ake rufe shi da shi, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, ba ya neman fenti. Na ce na yarda, muka haɗa hannu.

Kafintan da aka haɗa ni da shi mutumin Ɗanzomo ne, dogo, mai yawan fara'a, da furfura kaɗan a gemu. Da rani yana aikin rufi tare da ƙaninsa, da damina yana noma. Tun ranar farko ya gaya mini cewa idan aka yi ruwan shuka ko yana kan tsani zai sauko ya tafi gona, don haka kada mu ja shi. Ya zagaye gidan yana kallon sama, ya auna tsawo, sannan ya zaro 'yan yanka-yankan alminiyam daga jakarsa ya jera a kan tabarma gaban tsofaffin. Akwai kore, akwai shuɗi, akwai fari-fari, akwai jan ƙasa.

Inna ta ɗora yatsa a kan kore. "Wannan za a sa. Da ma kore ne."

Gwaggo ta jawo shuɗin kusa da idonta. "Hajiya, shuɗi ne. Ni fa na riga ki shiga gidan nan."

"Da wata nawa? Ko tukunyarki ba ta yi baƙi ba na zo."

"Ko da yini ɗaya ne dai na riga ki. Motar maigidana shuɗiya ce."

"Kan motar ne shuɗi. Bodin kore ne, ragowar na bodi yake kawowa."

Suka juyo wurina in raba gardama. Ni kuwa na tuna da kore, na tuna da shuɗi, har na tuna wata shekara da aka shafa rawaya mutane suna tambaya ko shago za a buɗe. Na faɗa musu haka. Dukansu suka dube ni kamar yaron da ya sa baki a maganar manya. Kafinta ya tattara samfurinsa yana murmushi, ya ce su kwana a kai, shi dai gobe zai fara ɓamɓare tsohon.

Da yamma na sake kiran ɗan Gwaggo. Ya yi dariya ya ce ai abin mai sauƙi ne, a yanka a daidai katanga, kowace a sa mata launin da take so. Ni ma na ga kamar an huta. Na same su zaune a tsakar gidanmu suna tsince wake, na faɗa musu. Inna ta daina tsincewa.

"A raba shi?"

"Ba rabawa ba ce, Inna. Launin ne kawai."

Gwaggo ba ta ɗago ba. "Ka gaya wa ɗan'uwanka, mutanen da suka buga katakon nan sun san inda katanga take, ba su yanka ba. Duk mai wucewa a titi sai ya ce tsofaffin gidan nan sun ɓata." Ta watsa tsakuwa gefe. "A sa koren Hajiya."

"A'a," in ji Inna, "shuɗin za a sa. Ke ce babba, ke da kika riga ni shiga."

"Na ce kore."

Haka na bar su, gardamar ta juya baya, kowace tana kare launin 'yar'uwarta da zafin da ta kare nata da rana.

Washegari kafinta da ƙaninsa suka fara ta wajen titi. Da ƙarfe mai lanƙwasasshen baki suke zura wa katakon ta baya, su danna, ƙusoshi su yi ƙara su saki. Wani wurin ba ya ma jiran ƙarfe, a hannu yake marmashewa, ƙasar gara da kashin jemage suna zubowa. Kafin azahar sun gama da titi sun shigo tsakar gida. Ina riƙe wa kafinta tsani a daidai kan katanga, ya zura ƙarfe ya danna, sai na ji wani irin ƙugi kamar injin niƙa daga nesa. Ban ankara ba na ga mutum ya sauko ba ta matakala ba, ya zamo ta gefen tsani, ya yi zaure da gudu yana kaɗa hula. Ƙaninsa ya dira daga wancan gefen. Ni ma na saki tsani na bi su, da harbi ɗaya a bayan wuya.

Kafinta ya sha harbi a fatar ido. Kafin mu gama haki idon ya rufe. Ya zauna a dakalin zaure yana danna wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce, "Malam, gidan nan ashe da masu haya a sama ba ku faɗa mini ba."

Da ƙurar ta lafa na leƙa ciki. Tsofaffin suna ɗakin Inna sun saki labule. Na ce musu ƙudan zuma ne suka yi gida a bayan katakon, zan je in sayo maganin feshi. Suka dubi juna.

"Mun sani," in ji Inna.

"Kun sani?"

"Sun daɗe a nan. Tun bayan rasuwar mahaifinka suka zo."

"Inna, me ya sa ba ku faɗa ba? Ga shi mutum ya kusa karyewa."

Gwaggo ce ta amsa, a ɗan kunyace. "Mun ɗauka sai gobe za su iso nan, da mun gaya masa da safe. Ku kuma da mun faɗa muku tun farko, da kun zo da feshinku. Ba su taɓa harbin kowa ba. Da zafi muna aje musu ruwa a tasa a kan katanga, mu zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse."

Sai a lokacin na gane tasar. Na sha ganin ta a kan katanga, ina ɗauka ta tsuntsaye ce. Inna ta ce idan gida ya yi shiru da rana, ba jika ba baƙo, ƙarar nan tasu takan ɗebe kewa. Suka ce ba za a yi musu feshi ba, ba kuma za a ƙona su ba. Gwaggo ta fita da kanta har zaure, ta ba kafinta haƙuri, ta kwaɓa masa jar kanwa ya shafa.

Kafintan ne ya ce ya san wani dattijo Bafulatani a wata ruga ta wajen Sule Tankarkar, mai rataye amya a bishiyoyi, wanda ke iya kwashe zuma da ƙudanta ba tare da ya kashe su ba. Muka je a babur, ni ina tuƙi, shi a baya da ido ɗaya. Hanyar yashi ce, gonaki duk an share an tara kara, ana jiran ruwa. Muka samu dattijon a gindin gawo yana gyaran igiya. Ya saurare mu har ƙarshe, tambaya ɗaya ya yi, ko an taɓa saƙar. Muka ce ba a taɓa ba. Ya ce mu je, yana tafe da asuba, lokacin da sanyi ke sa su lafawa.

Ya iso ana fitowa daga masallaci, da amya a ɗaure a bayan babur, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe cikinta da kashin shanu. Ya hura busasshen kashin shanu a tsohon kwano har ya yi hayaƙi mai kauri, ya naɗe kansa da rawani ya bar ido, ya hau. Mu muna leƙe ta tagar ɗaki. Bai yi gaggawa ba. Ya bar hayaƙin ya shiga, ya janye katakon a hankali, sai ga saƙa jere-jere tana rataye tsakanin katakan rufi, wata baƙa ta tsufa, wata fara sabuwa. Yana yankowa da wuƙa yana sakawa a roba. Wadda ke da 'ya'ya a ciki ya jera ta a cikin amya. Can ya tsaya, ya sa yatsu biyu ya ɗauko wani abu ya saka a ciki, ya rataye amyar a kusa. Kafin rana ta yi zafi yawancin ƙudan sun bi uwarsu sun shige. Ya toshe bakin da tsumma.

Da ya sauko, Inna ta leƙa robar ta ce, "Ta ɓangarena fa suke shiga. Ramin yana wajena."

"Shiga dai," in ji Gwaggo. "Saƙar a ɓangarena take. Malam, kai ka hau, faɗi gaskiya."

Dattijon ya kwance rawaninsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce shi dai abin da ya gani, ƙofarsu tana yamma, rumbunsu yana gabas, ruwan shansu kuma a kan katanga. Ya ɗebi rabonsa, ya ɗaure amya ya tafi. Ya ce duk mai son gaishe su ya zo ruga.

Ragowar a babbar roba ɗaya Inna da Gwaggo suka matse ta, su biyu, hannu dumu-dumu, suna tacewa da sabon ƙyalle. Zumar baƙa ce, mai kauri, da ɗan ɗaci-ɗacin furen darbejiya. Suka sa aka tattaro kwalabe, aka wanke, aka shanya. Babu ɗa ko 'ya a gidajen biyu da ba a aika wa ba, har na Kano da na Damagaram. Kwalba mafi girma kafinta aka ba.

Ran nan da la'asar ina zaune kusa da tarin tsohon katako, na ɗauki wani guntu da gara ba ta gama da shi ba, na fara kankare shi da wuƙar aljihu, don kawai hannuna ya samu abin yi. Ƙarƙashin tokar sai ga kore. Na ci gaba, sai shuɗi, sai rawayar nan, sai wani koren, sai fari, sai shuɗi kuma. Fentin ya yi kauri kamar ɓawon gurasa. Can ƙasa, a manne da katakon, ja ne mai duhu. Na kai musu. Gwaggo ta shafa wurin da babban yatsa, ta miƙa wa Inna. Inna ta jujjuya shi a hannu.

"Na shekarar farko ne," in ji Inna. "Lokacin Baffanka bai samu mota ba, yaron mota ne. Mahaifinka ne ya sayo wannan a Gumel."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "Ina da cikin fari. Warinsa ya hana ni cin abinci, na koma ɗakinki na kwana uku."

"Kika haifi yarinyar nan da sanyi."

"Da tana raye da yanzu ta yi jikoki."

Ban taɓa sanin Gwaggo ta yi wata haihuwa kafin ɗanta na Kano ba. Suka shiga hirar wannan shekarar, suna tuna wa juna wadda ta yi mata wankan jego da wadda ta kawo garar suna, sun manta ina wurin. Da na tashi tafiya, Inna ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ka ce wa kafinta ya sa jan." Gwaggo ta gyaɗa kai.

A Gumel aka yanka alminiyam ɗin. A naɗe yake zuwa kamar tabarma, a warware, a yanka dogaye, a sa a injin da ke lanƙwasa bakinsa na ƙasa ya zama kamar ƙugiya. Muka ɗoro shi a saman mota, yana ta ƙara duk hanya. Amma kafin a taɓa shi sai da aka yi aikin katako, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Kawunan katakan rufin da yawa sun ruɓe. Kafinta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana soka ƙusa, inda ta shige da sauƙi ya yanke da zarto har ya kai ga lafiyayye, ya haɗa sabon guntu a gefe ya ɗaure da ƙusoshi. Ƙaninsa yana bi da baƙin mai na inji yana shafewa saboda gara. Wurin da zuma ta zauna sai da aka kankare kakin, aka wanke da ruwan zafi, don kada ƙamshi ya jawo wasu. Sannan suka ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, suka buga sabon katako a kan zaren, miƙe sak.

Ranar sa alminiyam ɗin na ɗauki hutu na zo na yini. Daga yamma suka fara suna tahowa gabas, kowane sabon yanki yana hawa kan bakin na bayansa. Na tambayi dalili, kafinta ya ce ruwanmu daga gabas yake bugowa, gara ya tarar da baki a rufe ya zame ya wuce. Bakin sama sukan tura shi ƙarƙashin kwano, lanƙwasar ƙasa kuma ta rungumi gindin katakon. Ƙusoshin farare ne, su ma na alminiyam, don na ƙarfe suna zubar da hawayen tsatsa. Ba ya buga su har su nutse, yakan bar ɗan sarari, ya ce abin yana miƙewa da zafin rana ya dawo da sanyi, idan aka matse shi sai ya yi tumbi. A kusurwa ya yanka da babban almakashi, ya naɗe, ya daddanna da katako har ta fito kamar an goge ta. Idonsa ya buɗe a lokacin, saura ɗan kumburi. Duk sanda ƙuda ya gifta sai ya sunkuyar da kai, ƙaninsa yana masa dariya.

Da suka kai kan katanga, tsofaffin suka fito suka tsaya, kowace a tsakar gidanta, suna kallon sama. Kafinta ya lura. Ya ajiye yankin da ya ɗauko, ya zaɓi mafi tsawo, yadda zai haye katangar ba tare da gaɓa ta faɗa a kanta ba. Ba wanda ya ce masa ya yi haka.

Abu na ƙarshe shi ne ɓare ledar da ke manne a fuskar alminiyam ɗin. Suka ja ta tana ƙara, jan ya fito yana sheƙi. Muka fita titi muka kalla, maƙwabta suna ta sam barka. Inna ta daɗe tana kallo da hannu a goshi.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Wancan ya fi duhu."

"Rana za ta dafa shi," in ji Gwaggo. "A bar shi."

Suka sa aka yi dambu, muka ci a zaure da kafinta da ƙaninsa. Muna cikin ci iska ta juya, hadari ya haɗo daga gabas. Kafinta ya leƙa waje, ya wanke hannu, ya ɗaure kayansa a babur ko sallama bai gama yi ba. Ruwan ya sauko bayan la'asar, mai ƙarfi, irin na shuka. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Baba ina kallon yadda yake zubowa daga bakin kwano, yana wuce sabon goshin bai taɓa bango ba. Tsofaffin suna ta tura robobi da bokitai ƙarƙashinsa, suna yi wa juna faɗan kada a zame.

Damina biyu suka ƙara tare a gidan. Daga nan ƙafafun Gwaggo suka ƙi, har ta kai sai an ɗaga ta. 'Yarta da ke aure a Damagaram ta zo ta ce za ta tafi da ita. Gwaggo ta ƙi, ta sake ƙi, daga baya Inna ce da kanta ta ce mata ta je, don ita ba ta da ƙarfin ɗaga ta. Ranar tafiyar Inna ta haɗa mata daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta raka ta har bakin zaure, ta koma ciki kafin mota ta tashi.

Bayan Sallar layya ta wannan shekarar na ɗauki Inna muka tsallaka iyaka muka je gaishe ta. Inna ba ta taɓa zuwa Damagaram ba, duk da shekarun da ta yi tana jin labarinsa. Muka samu Gwaggo a kan katifa a inuwar rumfa, ta rame, amma bakinta yana nan. Na ɗauka za a yi kuka. Ba a yi ba. Inna ta cire mayafi ta zauna a gefen katifar kamar jiya suka rabu, ta fara ba ta labarin unguwa: wanda ya aurar da 'ya, wadda ta koma gidan mijinta, akuyar Gwaggo da ta haifi tagwaye, da tsadar barkono. Gwaggo tana gyara mata inda ta yi kuskure, ko da yake ba ta nan aka yi. Na bar su na shiga gari. Da na dawo na tarar Inna tana yanke mata farce.

Muka kwana, da safe muka kamo hanya. Muka yi nisa Inna tana kallon hanya. Can ta ce 'yar Gwaggo tana da kirki, tana kula da uwarta, sai dai gishiri ya yi yawa a miyarta, kuma katifar ta yi laushi ga mai ciwon baya. Ta ce in tuna mata idan mun isa ta aika da tabarmar kaba. Kusa da iyaka ta sa na tsaya ta sayi cuku na jikoki, ta ƙulle a bakin mayafi, ta jingina kai da gilashi ta yi barci.

An aika da tabarmar da wani direba ranar kasuwa. Gwaggo ta rasu da sanyin wannan shekarar, ba su sake ganin juna ba. Inna tana nan a ɗakinta, ta ƙi dawowa wurina Gumel. Ita ke kiwon awakin yanzu, sun kai garke, ta hana a sayar da ko ɗaya.